Udolpho da Frankenstein: Mace da Ƙasa a Hannun Mai Iko

Wata 'yar'uwa a cikinmu ta tambaya wanne ne daga tsofaffin littattafan ban-tsoro na Ingila, waɗanda ake kira Gotik, ya fi nuna alaƙar danne mace da ɓata muhalli. Mazhabar da ke haɗa waɗannan biyu ba ta sami sunanta na ecofeminism ba sai a 1974, daga alƙalamin Bafaranshiya Françoise d'Eaubonne, amma littattafai biyu da mata suka rubuta sun riga ta hango lamarin.

A The Mysteries of Udolpho na Ann Radcliffe, wanda ya fito a 1794, mace da ƙasa duk dukiya ce da ake wawaso. Montoni, mijin gwaggon Emily jarumar labarin, ya tsare Emily da gwaggon nata a wani tsohon gida mai ganuwa a tsaunukan Italiya domin su sa hannu su sallama masa filayensu. Tun a farkon labarin ma an ga alamar wannan hali, inda Quesnel, kawun Emily, ya ƙudurta sare tsohuwar bishiyar da mahaifin Emily ya shaƙu da ita tun yana yaro. Sai dai a wurin Radcliffe daji da tsauni mafaka ne: Emily na leƙa su ta taga, hankalinta ya kwanta, kuma daga ƙarshe gadonta ya dawo hannunta.

Mary Shelley, a Frankenstein na 1818, ba ta bar wannan sassauci ba, kuma a ganina nan amsar tambayar take. Victor Frankenstein, masanin kimiyyar da ya ƙera wani dodo mai siffar mutum, yana maganar halitta tamkar mace ce da za a bi har maɓoyarta a tone asirinta, burinsa kuwa shi ne ya samar da rai ba tare da uwa ba. Da ya fara haɗa wa dodon mace a wani tsibiri na Orkney a Scotland, tsoron kada ta ƙi bin umarni, ko ta hayayyafa, ya sa ya yayyaga ta kafin ta numfasa, ya jefa gawar a teku. Wannan wuri yana sosa mini rai duk lokacin da na karanta shi. Justine, mai aikin gidansu, da Elizabeth, amaryarsa, su ma sun rasa rayukansu a kan aikin da ba a taɓa shawartarsu a kansa ba.

Wanda ke nazarin gado da mallakar fili ya fara da Radcliffe, amma mai binciken yadda ilimi ke zama makamin mallake haihuwa da halitta zai fi samun abin kamawa a wurin Shelley.