Namiji ko mace: wanne za a haɗa da cincilar da aka ceto?

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Tun da ka ce cincilar (ƙaramar dabbar nan mai laushin gashi, dangin ɓera) da baƙon nan ya bar maka da zai tashi daga Yamai namiji ne, kuma kana tunanin ƙaro masa namiji ko mace, shawarata ita ce ka nemo masa namiji ƙarami, ɗan wata uku zuwa huɗu, kuma kada ka shigo da shi gida sai sanyin Disamba ya kama. Na gwada duka biyun da kuɗina, shi ya sa ba zan yi maka kwana-kwana ba.

Nawa ma tsintuwa ce. A wani gidan haya aka bar shi cikin keji ƙarƙashin rumfar kwano, mai gadin gidan yana ba shi gyaɗa da ɓawon kankana saboda bai san abin da yake ci ba. Da aka kawo mini shi ya riga ya cinye gashin kwiɓinsa da bakinsa, abin da cincila take yi idan damuwa ta yi mata yawa, kuma ko inuwar hannu ya gani sai ya yi wani kuka mai kama da haushin ɗan kwikwiyo. Na yi wata huɗu ban yi masa zancen aboki ba. Na mayar da shi kan busasshiyar ciyawa mai tsabta da abincinsu na kanti, na yanke masa kayan zaƙi da kayan maiƙo gaba ɗaya, ina auna shi duk mako a kan sikelin kicin. Babbar cincila takan kai giram 400 zuwa 800, amma abin da ya fi lambar muhimmanci shi ne kada ta riƙa raguwa mako bayan mako. Kai ma ka fara da wannan. Dabbar da ba ta gama murmurewa ba, idan aka haɗa ta da wata, ko dai a danne ta a hana ta cin abinci, ko kuma tsoro ya sa ta fara cizo.

Ƙaramin namijin da na samo masa daga baya, wata uku ne da haihuwa, bai kai rabin girmansa ba, kuma ina ganin wannan ne ya sauƙaƙa komai, domin babban bai ɗauke shi abokin hamayya ba. Na killace sabon kwana 30 a wani ɗaki dabam, saboda makero yana kama su kuma yana iya kama mutum. Bayan haka na jera kejinan biyu, na bar tazarar tafin hannu a tsakaninsu don kada su ciji yatsun juna ta cikin waya. Kullum da yamma sai in ba babban kwanon ƙurar wanka, wato ƙurar da suke tsabtace gashinsu da ita, ya yi birgimarsa, in ɗauke in kai wa ƙaramin, washegari in juya, har ƙanshin kowanne ya zama ba baƙo ba ga ɗayan. Mako uku muna haka kafin in sake su tare a cikin wani lungu da babu wanda ya taɓa shiga cikinsu, bayan magariba, lokacin da suka fi walwala tunda dabbobin dare ne.

Haɗuwar farko ba ta yi kyan gani ba. Babban ya hau ƙaramin, ya kore shi zagaye biyu, gashi ya tashi a iska, domin cincila takan saki guntun gashinta idan aka cafke ta. Wannan duka rabon girma ne, ba a raba su saboda shi. Abin da ake raba su a kai nan take shi ne jini, ko cizo a wuya da baya, ko ɗaya ya maƙale a kusurwa yana ƙara haƙora. Na riƙa ƙara musu lokaci kaɗan-kaɗan, daga minti goma har awa guda, sannan na wanke babban kejin sarai, na sauya wurin komai na ciki, na saka kwanon abinci biyu da maɓoya biyu. Wata asuba na dawo daga masallaci na leƙa, sai na tarar da su cikin tsohon tulun da na ajiye musu, ƙaramin ya ɗora haɓarsa a bayan babban, shi kuma yana ɗan tsefe masa gashin kunne a hankali. Daga wannan lokacin kukan dare ya ragu, kuma kafin damina ta fita gashin kwiɓin nan ya cike kamar ba a taɓa ci ba. Sun ɗan yi tsama da ƙaramin ya balaga wajen wata takwas, na raba su kwana biyu, suka koma daidai. Saboda haka kada ka sayar da keji na biyu, ko da ka ga sun zama ɗaya.

Macen da na gwada haɗa shi da ita kuwa, abin da zan iya yaba mata shi ne tana da kyau kuma ba ta da tsoron hannu. Ban da wannan, ta fi namijin girma da faɗa kamar yadda matansu suke, tana miƙewa tsaye ta fesa masa fitsari, kuma bayan cikin kwana 111 ta haifa mini biyu a tsakiyar watan Mayu, na rasa ɗaya a daren da wuta ta ɗauke. Tana iya sake ɗaukar ciki daga haihuwa, don haka dole a raba su, ka ga an koma gidan jiya, kowa shi kaɗai. Fiɗiyar namijin za ta magance wannan, sai dai ba irin ta rago ba ce. Aiki ne na likitan dabbobi da ya saba sa wa ƙananan dabbobi maganin barci, kuma ni ban yarda in gwada da nawa ba. Na ba da ita da ɗanta ga wanda yake da ɗaki mai sanyi. Ka kuma sani cewa maza biyu da suke zaune lafiya suna iya komawa faɗa idan suka ji ƙanshin mace a gidan.

Ba ka tambaya ba, amma ka yi hattara da dillalai, domin ni a matsayin namiji aka sayar mini da waccan macen. Gaban macen cincila yana da ɗan tsiro mai kama da na namiji, kuma da shi ake yaudarar wanda bai sani ba. Ka ɗaga wutsiya ka duba da kanka: a jikin namiji akwai tazara bayyananniya tsakanin tsiron da dubura, a jikin mace kuwa kusan manne suke. Ka duba haƙora, na babba mai lafiya launin ruwan goro ne, kuma idan ka ga haɓa a jiƙe da yawu to haƙoran sun yi tsawo, matsalar da ba ta ƙarewa tunda ba sa daina tsirowa. Kada ka yarda da shekarun da aka faɗa maka da baki, saboda dabba ce da take kai shekara 10 zuwa 15, wasu har 20, kuma tsohuwa ba ta nuna tsufa a fuska. Wanda ya miƙo maka yashin bakin kogi ya ce ƙurar wanka ce, ka mayar masa. Tasu mai laushi ce kamar gari, yashi kuwa yana karya gashi ya ɓata ido. Ruwa ma ba a yi musu wanka da shi.

Ƙaryar da ta fi kowacce kisa ita ce a ce maka wannan ta saba da zafin Nijar. Asalin cincila duwatsun Andes ne na ƙasar Cile, kuma mafi yawan na gida a yau jikokin guda 11 ne da wani Ba'amurke mai suna Mathias Chapman ya kai Amurka a 1923. Kiwon gida bai canza musu fata ba: daga ƙofar gashi guda a fatarsu, gashi sama da 50 ne suke fitowa, kuma ba sa gumi. Da zafin ɗaki ya wuce digiri 25 an shiga haɗari, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna wuce 40. Fanka ba ta yi musu komai tunda babu gumin da za ta busar. Sai na'urar sanyaya ɗaki, da tanadin abin da za a yi idan wuta ta tafi, ko sola ko injin wuta, da gorunan ƙanƙara naɗe cikin tsumma a jikin keji. Idan ka ga kunnuwa sun yi ja, ya kwanta ta gefe yana haki, to minti ake ƙirgawa. Wannan ne dalilin da na ce ka jira Disamba: guje-gujen haɗuwar farko yana ɗumama jikinsu, kuma biyu da suka saba kwana a manne sun fi ɗaya jin zafi. In har ɗakinka bai iya riƙe sanyi ga guda ɗaya ba a bazarar da ta wuce, to ka dakata da na biyun, ka riƙa zama da shi kowace yamma har ka gyara wannan.

In kuwa ɗakin ya samu, ka ɗauki ƙaramin namijin. Kafin ka biya ko dala, ka ɗauko hoton ƙasan wutsiyarsa da na haƙoransa ka turo in duba maka.