Giram 70, 80 ko 120: wace takardar A4 ce ke ɗaukar alƙalamin tawada?

Malam, ka ce ka sayi alƙalamin tawada, irin wanda ake ɗura wa tawada daga kwalba, kuma kai mai yawan rubutu ne, sai dai littattafan rubutu na ƙasashen waje da ake ta yabo sun fi ƙarfin aljihu. Shi ne kake tambaya ko a cikin rim ɗin A4 da ke kasuwa, mai giram 70 da mai 80 da mai kaurin nan na 100 zuwa 120, wanne ya kamata ka ɗauka.

Da farko ka sani, duk cikinsu babu wadda aka yi domin alƙalaminka. Takardar fotokwafi an yi ta ne don inji mai aiki da hodar tona, wadda zafi ke mannawa a fuskar takarda, babu ruwa a lamarin. Tawadar biro kuma mai kauri ce, mai maiƙo, shi ya sa ko a bayan kwali sai ta yi rubutu. Taka kuwa kusan duk ruwa ce da rini. Tana sauka zaren takarda zai fara janta, sai ka ga ɗayan uku: ko ta yi naso, gefen harafi ya fito gashi-gashi, ko ta ɓulla ta baya ta ɓata ɗaya shafin, ko kuma a riƙa hango inuwar rubutun ta baya ba tare da tawadar ta huda ba. Na ukun ba ya damuna. Na farko da na biyu su ne ke sa mutum ya tsani alƙalamin da bai yi laifin komai ba.

Abin da ke hana naso ba a rubuta shi a jikin kwali. A masana'anta ana zuba wa markaɗaɗɗen itacen wani sinadari mai hana shan ruwa, sannan a shafa wa fuskar takardar sitaci, a matse ta a tsakanin ƙarafa ta yi sumul. Kamar shadda ce da ta sha sitaci da bugu: in ruwa ya ɗiga a kanta sai ya ɗan tsaya kafin ya shige. Giram kuwa nauyi ne kawai, wato nauyin murabba'in mita guda na takardar. Fallen A4 goma sha shida ne ke cika murabba'in mita, don haka falle ɗaya na giram 80 nauyinsa giram 5 ne, rim mai falle 500 kuma kilo 2.5. Nauyi yana rage inuwa, amma ba shi ke tare tawada ba. Shaida ita ce takardar Tomoe River ta Japan: giram 52 ce kacal, sirirya har kana ganin yatsanka ta bayanta, amma masu alƙalamin tawada a duniya suna rububinta don da wuya tawada ta ɓulla ta cikinta.

To mu jera su.

Mai giram 70 ita ce mai araha, ita ce kuma ta cika shagunan fotokwafi. A nan ne aka fi yin caca. Akwai mai kyau a cikinta, amma wadda ba a san sunan kamfaninta ba sau da yawa a wajen sitacin nan ne ake rage kuɗi, don injin fotokwafi ba zai tona asiri ba. Da alƙalami mai siririn baki, wanda aka rubuta F ko EF a jikin bakinsa, za ka iya lallaɓawa ka rubuta a fuska ɗaya. In bakin M ne ko B, wato matsakaici ko mai faɗi, wanda ke zubo tawada da yawa, ka sa ran naso. Kuma in lissafi za a yi, takardar da fuska ɗaya kawai za ka mora ba ta yi araha ba, don rim ɗinta shafi 500 ne, na wadda ke ɗaukar gaba da baya kuwa shafi 1000.

Mai giram 80 ta sanannen kamfani ita ce nake ba ka shawara ka mai da ta abincin yau da kullum. Double A ta Tailan, PaperOne ta Indonesiya, Navigator ta Fotugal, Chamex ta Brazil, duk suna da wannan nauyi. Akasarinsu daga itacen turare ko dangin bagaruwa ake yin su, itatuwa masu gajeren zare, abin da ke taimaka wa fuskar takarda ta kwanta lumui. A hannuna Double A da Navigator sun fi daɗin gudu, baki yana tafiya ba ya tuntuɓe, harafi yana fita da kaifinsa. Za ka ga inuwa ta baya, musamman da baƙar tawada, kuma inda ka tsaya da alƙalami kana tunani ɗigo zai iya leƙowa. Wannan abin haƙuri ne ga mai rubuta darasi, wa'azi ko daftarin labari.

Mai giram 100 zuwa 120 wani aji ne daban, musamman wadda aka rubuta cewa ta firintar leza ce mai launi. Ita ake matsewa sosai, fuskarta a rufe take, tawada na zama a sama ta bushe a can. A kanta ne za ka ga ainihin launin tawadarka, inda ta taru ta yi duhu da inda ta yi haske a cikin harafi guda, abin da takarda mai sha ke haɗiyewa. A Amurka masu alƙalami sun daɗe suna yabon takardar HP Premium32. Lambar 32 ɗin awon fam ne irin nasu, daidai da giram 120, kamar yadda fam 24 yake giram 90, fam 20 kuma giram 75. Sai dai in za a kawo maka daga can, ka lura girmansu ba A4 ba ne: tasu milimita 216 ce da 279, A4 kuwa 210 da 297. A Turai kuma akwai kamfanin Clairefontaine na Faransa, mai takardun Clairalfa da DCP. Illar wannan aji biyu ce. Ga tsada da nauyi, don falle 500 na giram 120 ya kai kilo 3.75. Ga kuma jinkirin bushewa.

Wannan na biyun kada ka raina shi in kana rubuta Ajami ko Larabci. Mai rubutu da hannun dama daga dama zuwa hagu, gefen hannunsa yana bin bayan abin da ya rubuta yanzun nan, kamar yadda bahago ke fama a rubutun boko. A kan takarda mai santsi sosai sai ka waiwaya ka tarar ka shafe rabin layi. Ga irin wannan marubuci mai giram 80 ta fi mai 120 amfani, ko da kuɗin ba matsala ba ne.

Akwai abubuwan da ke jikin kwali da ba za su taimake ka ba. Farin takarda tas ba alamar komai ba ce a nan, sinadarin haskakawa ne kawai. Tambarin ColorLok, fasahar da HP da International Paper suka fito da ita, an yi shi ne don tawadar firinta mai fesawa ta kama ta bushe da wuri, ba shaida ba ce cewa takardar za ta ɗauki alƙalami. Wadda aka sake sarrafawa daga tsofaffin takardu kuma sau da yawa takan yi naso.

Tun da ko kamfani ɗaya ne rim ɗin bana ba lallai ya yi daidai da na bara ba, kada ka sayi katan sai ka gwada. Shiga shagon fotokwafi da alƙalaminka, ka sayi falle biyu-biyu na duk irin da suke da shi. A kowanne ka rubuta layi guda yadda ka saba, ka ja wani layin a hankali, ka ɗora baki wuri ɗaya ka ƙirga uku, sannan ka rubuta kalma ka ƙirga goma ka shafa da yatsa. Juya ka duba baya. Ka gwada ɗaya fuskar ma, don wani lokacin fuskokin biyu ba ɗaya suke ba.

In kuma ka riga ka sayi mai naso, kada ka zubar. Canza tawada ko baki yakan rage matsalar sosai. Tawadar Pelikan 4001 an san ta da rashin yawan zuba, tana zama lafiya a kan takarda mai sha. Bakin alƙaluman Japan irin su Pilot da Platinum ya fi na Turai sirantaka ko da harafin da ke jiki ɗaya ne. Amma don Allah kada ka ɗura masa tawadarmu ta allo: ƙaro da baƙin da ke cikinta za su toshe siririyar hanyar da tawada ke bi, wataƙila ma ba za ta sake buɗewa ba. Wannan ta alƙalamin kara ce.

Yanayi ma yana da nasa hannu. Da damina takarda na shan danshi, wadda ta yi maka kyau da hunturu sai ta fara naso, don haka ka bar rim a cikin ledarsa, nesa da ƙasa da bango. Da bazara kuma gumi da maiƙon hannu ke ɓata ƙasan shafi, tawada ta ƙi kamawa ko ta bazu, sai ka riƙa sa wani fallen a ƙarƙashin hannunka.

Da ni ne kai, rim ɗaya na giram 80 mai suna zan saya don rubutun kullum, in nemi fallaye kaɗan na giram 100 ko 120 in ajiye don wasiƙa da abin da nake so ya daɗe. Mai 70 kuma sai in ta ci gwajin nan a gabanka.