Aikin jarida ko hulɗa da jama'a: wanne za ka cike a fom ɗin JAMB?

A 2020 hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta sanar da raba kwas ɗin koyon aikin sadarwa gida bakwai, aikin jarida ya koma digiri mai zaman kansa, hulɗa da jama'a ma haka. Mai burin zama kakakin ma'aikata ko kamfani dole ya zaɓa tun daga farko.

Digirin jarida yana ba ka abin da ya fi wuyar koyo daga baya, wato hannun rubutu. Za a sa ka amsa wa, me, ina, yaushe, don me da ta yaya a sakin layi na farko, ka jera sauran daga mafi muhimmanci zuwa ƙasa, ka miƙa kafin a rufe shafi. Sanarwar manema labarai haka take, shafi ɗaya, da kwanan wata da lambar wanda za a kira. Edita daga ƙasa yake yanka idan wuri ya ƙure, don haka wanda ya ɓata layi biyar yana jero muƙaman oga ya kai labarinsa inda almakashi zai ci. Wanda ya zauna a ɗakin labarai ya san taron ƙarfe biyar na yamma da wuya ya shiga jaridar gobe.

Inda ɗan jarida ke tuntuɓe a aikin kakaki shi ne an horar da shi ya fallasa, ba ya jira sa hannun shugaba ba. Kuma ba a cika koya masa tsara kasafin kamfe, binciken ra'ayin jama'a, ko shirin ranar da rikici ya ɓarke ba. Waɗannan digirin hulɗa da jama'a ke koyarwa. Sai dai ɗalibinsa kan fito da tsari mai kyau amma rubutu mai wuyar karantawa.

Akwai kuma foliteknik: ƙaramar difloma (ND) shekara 2, shekara 1 ta sanin makamar aiki, sannan babbar difloma (HND) shekara 2. An fi taɓa kayan aiki a can, amma har yanzu wasu ma'aikatu na fifita mai digiri wajen ƙarin girma.

Kafin ka biya kuɗi, je ka ga sashen da idonka. Tambayi ko kwas ɗin na da amincewar NUC, ko NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha, idan foliteknik ne, ko gidan rediyon makarantar na aiki, da inda suke tura ɗalibai SIWES, wato zaman koyon aiki a ma'aikata. Jami'ar Bayero a Kano tana da tsangayar sadarwa sukutum.

A ganinmu jarida ta fi zama tushe, musamman ga mai iya rubutu da Hausa da Turanci. Idan hulɗa da jama'a ka ɗauka, nemi SIWES a ɗakin labarai. Ko ta ina ka bi, sai ka yi rajista da NIPR, cibiyar ma'aikatan hulɗa da jama'a ta Najeriya da aka kafa a 1963, domin doka mai lamba 16 ta 1990 ta hana yin sana'ar ba tare da rajistarta ba.