Mai ƙarfin jifa ko mai saiti: wa za ka ɗauka in layi ya zo kanka a diraf ɗin besbol?

Gidan da na fara zama a Bronx bai fi tafiyar minti goma da filin Yankees ba, amma sai da na yi wajen shekara uku ina yi wa besbol kallon shirme, wani ya jefa, wani ya tsaya da kulki yana jira, a zauna a tashi har dare. Maƙwabtana 'yan Jamhuriyar Dominika ne suka ja ni ciki, yanzu ga shi shekara ta bakwai kenan ina cikin lig ɗinmu na fantasi, inda kowa ke haɗa ƙungiyarsa a takarda da 'yan wasa na gaske ana ƙirga masa abin da suka yi a fili, mu goma sha biyu, irin wanda in ka ɗauki yaro ya zama naka har ranar da ka yi musayarsa ko ka sallame shi. Ba kuɗi muke sawa ba, wani kofin roba ne da cika baki na shekara guda. Duk sanda MLB, babban lig ɗin besbol na Amurka, suka gama diraf ɗinsu, wato zaman da ƙungiyoyi ke bin layi suna zaɓar sababbin yara, a watan Yuli mu ma sai mu zauna mu yi namu, kuma duk shekara gardamar ɗaya ce in an zo kan masu jifa: yaron da ƙwallonsa ke tashi kamar harsashi, ko yaron da ke ajiye ta daidai inda ya ga dama?

Tun yanzu in faɗa, ni ɗan ɓangaren saiti ne, kuma ba da daɗi na koma can ba.

Kayan biyu ne a kasuwa. Na farko gudu, shi wannan kowa na gani, ana auna shi da mil a awa, allon fili ya haska 99 jama'a su yi ihu. Na biyu saiti, shi kuma yana da hawa biyu da mutane ke cakuɗawa. Tsakanin mai jifa da farantin da mai kulki ke tsaye ƙafa 60 ne da inci 6, faɗin farantin inci 17. Akwai yaron da ya iya jefa ƙwallo ta bi ta saman farantin nan kawai, ba ya yawan ba da tafiya kyauta, wato ya kauce sau huɗu a ce wa mai kulki ya wuce tasha ta farko ba tare da ya daki komai ba. Wannan hawa na ɗaya ne, kuma in shi kaɗai gare ka manyan 'yan wasa za su yi ta aika ƙwallonka cikin 'yan kallo. Hawa na biyu shi ne wanda mai cafewa zai ajiye safar hannunsa a kusurwar ƙasa ta waje, ƙwallo ta zo ta shige ba tare da safar ta motsa ba, in an buƙaci a kauce da gangan da ɗan taƙi ya kauce. Wannan nake nufi in na ce saiti.

Gudu yana da amfaninsa, ban musa ba. Ƙwallon mil 100 kafin ka ƙifta ta iso, in yaro ya yi kuskure ya sako ta tsakiya ma sau da yawa gudun na rufa masa asiri. Sai dai abin ya zama ruwan dare, a 2008 matsakaicin gudun miƙaƙƙiyar ƙwallo a MLB wajen mil 92 ne, yanzu ya haura 94, kowace ƙungiya tana da samari masu 98 jibge a benci suna jiran a kira su inin na bakwai (zango tara ake raba wasa, kowanne ana ce masa inin). Abin da ya cika kasuwa me zai sa ka saye shi da zaɓenka na farko?

Ni abin da ya same ni, shekarata ta biyu a lig ɗin, wani daga cikinmu ya turo min bidiyo a WhatsApp, daƙiƙa goma sha biyu. Yaro ne ɗan sakandare, dogo, ya ɗaga ƙafa ya saki ƙwallo, aka juya kyamara kan na'urar awo ta nuna 99. Na kalla ya fi sau talatin ina zaune cikin mota a layin jiran fasinja a filin jirgi, har na bayana ya yi min ham. Mutumin ya ce yaron na hannunsa amma zai iya sakar min in na ba shi zaɓena na zagayen farko da wani mai jifa ɗan jami'a da nake da shi, wanda a lokacin nake raina shi don bai wuce 91. Na bayar, har ina jin na cuce shi. Yaron nan shekararsa ta farko a ƙaramin lig duk inin tara sai ya ba da tafiya kyauta wajen bakwai, shekara ta biyu gwiwar hannu ta tashi aka yi masa tiyata, ta uku ya dawo yana jefa 93 kuma har lokacin bai san inda farantin yake ba. Ɗan jami'ar da na bayar kuwa yau shekara huɗu yana buɗe wasa a babban lig, duk ranar da zai yi jifa sai mutumin ya turo min gaisuwa wai yana tambayar lafiyar iyali. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya daka tsalle.

Kuma ba mu 'yan fantasi kaɗai ke faɗawa ramin nan ba, masu cin albashi a kan aikin ma suna faɗawa. Diraf ɗin 2014, Miami Marlins suka ɗauki Tyler Kolek a lamba ta 2, ɗan sakandare daga Texas da ke taɓa mil 100, suka ba shi dala miliyan 6. A 2016 aka yi masa tiyatar gwiwar hannu, har ya bar wasa bai taka babban lig ba. A wannan diraf ɗin dai, lamba ta 7, Philadelphia suka ɗauki Aaron Nola daga jami'ar LSU, wanda abin da ake yabonsa da shi saiti ne, shekara guda kacal ya shigo babban lig, a 2018 ya zo na uku a zaɓen kyautar Cy Young ta gwarzon mai jifa na shekara, ƙarshen 2023 ya sa hannu a kwantiragin shekara 7 kan dala miliyan 172. Shekarar 2016 ma kusan haka aka maimaita: Colorado suka ɗauki Riley Pint a lamba ta 4 saboda yana kai 102, ya sha fama da tafiya kyauta da ciwo har ya ajiye wasa a 2021, ya dawo, ya samu ya leƙa babban lig a 2023. Can zagaye na huɗu kuwa, lamba ta 122, Cleveland suka ɗauki Shane Bieber daga jami'ar Kalifoniya ta Santa Barbara ba wanda ya waiga. A 2017 ya yi inin 173 da ɗoriya a ƙananan lig, mutum 10 kacal ya bai wa tafiya kyauta, a 2020 ya ɗauke Cy Young ba hamayya.

Wanda na fi so in kawo misali da shi George Kirby ne, don shi ya nuna abin da nake ta faɗa wa mutanenmu. Shekararsa ta ƙarshe a jami'ar Elon, 2019, ya fitar da mutum 107, wato masu kulkin da suka kasa ƙwallonsa sau uku suka koma benci, ya ba 6 tafiya kyauta. Shida fa. Seattle suka ɗauke shi a lamba ta 20, suka sa shi a horo, gudun ya ƙaru, saitin bai je ko'ina ba, a 2023 ya yi inin 190 da ɗoriya a babban lig da tafiya kyauta 19. Yanzu ƙungiyoyi sun ƙware wajen ƙara wa yaro mil biyu ko uku, da ɗaga ƙarfe, da jifa da ƙwallaye masu nauyi, da gyaran yadda yake taka ƙafa da juya ƙugu. Koya wa yaro saiti kuwa a ganina ya fi wuya nesa ba kusa ba. Kakan masu saiti duka shi ne Greg Maddux, inin sama da 5,000 ya yi a rayuwarsa, tafiya kyauta 999, nasara 355, Cy Young huɗu a jere daga 1992 zuwa 1995, kuma shi ma sai a zagaye na biyu Chicago Cubs suka ɗauke shi a 1984.

Na san za a ce min Randy Johnson fa, wanda ya ba mutum 152 tafiya kyauta a 1991 amma daga baya ya tara Cy Young biyar. Gaskiya ne. Sai dai ka tuna da Steve Dalkowski na ƙananan ƙungiyoyin Baltimore, wanda tsofaffin masu wasan ke cewa ba su taɓa ganin ƙarfin jifa irin nasa ba, a 1960 ya fitar da 262 ya kuma ba 262 tafiya kyauta cikin inin 170, bai taɓa jefa ƙwallo ko ɗaya a wasan babban lig ba. In kuma ka samu mai duka biyun irin Paul Skenes da Pittsburgh suka ɗauka a lamba ta 1 a 2023, to ai ba sai ka karanta ni ba, ɗauka kawai ka yi godiya.

Yanzu ga inda na fi so a saurare ni, maganar algus, don lambar gudu ita ce ta fi sauƙin yi wa kwaskwarima.

Na ɗaya kalmar "yana taɓawa". In rahoto ya ce yaro yana taɓa 98, nufinsa sau ɗaya ko biyu ya kai can, wataƙila a taron baje kolin da ake kiran yara su yi inin ɗaya tak gaban masu neman 'yan wasa, ya zage iya ƙarfinsa ya koma ya zauna. Abin tambaya shi ne a nawa yake zama, kuma nawa yake jefawa a inin na biyar bayan ya saki ƙwallo saba'in. Akwai mai taɓa 98 da ke zama a 92. Na biyu bidiyon da ake yankawa. Wasu yaran ma ba a kan tudun jifa suke ba, da gudu suke tahowa su yi tsalle su maka ƙwallo cikin raga, wannan dole lamba ta hau, amma a wasa ba wanda zai bar ka ka sheƙo da gudu. In bidiyo bai nuna maka mai cafewa da inda ƙwallon ta sauka ba, rufe shi. Nawa na daƙiƙa sha biyun nan da na koma na kalla daga baya, ashe ko mai cafewar ba a nuna ba, Allah kaɗai ya san ko katanga ƙwallon ta daka. Na uku na'urar kanta, ba duka suke ba da lamba ɗaya ba, ƙwallo tana rage gudu a hanya, don haka wadda ta kama ta tun fitarta daga hannu za ta fi wadda ta kama ta kusa da faranti, wasu ƙananan filaye kuma an san allonsu da kyauta. Sannan in yaron daga Japan ko Koriya yake, lambarsu kilomita ce, 150 ɗin da ka gani ka ruɗe mil 93 ne kawai.

Akwai kuma maganar danƙo. Kafin Yunin 2021 da MLB ta sa alƙalai su fara duba hannu da hula da bel ɗin masu jifa a tsakiyar wasa, da yawa suna shafa abu mai kama hannu don ƙwallo ta ƙara juyawa, da aka fara dubawar juyawar ƙwallon wasu ta faɗi nan take. Hukuncin dakatarwar wasa 10 ne. To yaron da ke filin da ba mai duba shi, lambar juyawar da aka rubuta masa ka karɓe ta da hannu ɗaya. Shekaru ma haka, mu da muka taso da zancen rage shekaru a ƙwallon ƙafa ba baƙon abu ba ne gare mu. Mai jifan Cleveland da aka sani da Fausto Carmona, a Janairun 2012 aka kama shi a Dominika, ashe sunansa Roberto Hernández kuma ya girmi takardunsa da shekara uku. Ɗan 16 mai jefa 94 da ɗan 19 mai jefa 94 ba kaya ɗaya ba ne, na farkon jikinsa bai gama cika ba.

Don kar a ce na yi son kai, ɓangarena ma akwai jabu. Yaro mai jefa 87 da ya iya canjin gudu zai yi ta wasa da hankalin 'yan shekara 19 a ƙananan matakai, takardarsa ta yi kyau kamar ta Maddux, ranar da ya hau matakin Double-A, hawa biyu kafin babban lig, sai ka ji ana ta farfasa shi. Kyle Hendricks ya yi nasara da ƙwallon da ba ta cika kai 90 ba, har shi ya buɗe wa Cubs wasa na bakwai, na ƙarshe a karawar cin kofi, a 2016 da suka ci kofi bayan shekara 108, amma irinsa ba su da yawa. Ni ƙa'idata, ya zama yana zama a 92 ko 93 aƙalla, tafiya kyautarsa ƙasa da uku a inin tara, kuma yana da wani salon jifa na biyu bayan miƙaƙƙiyar da zai iya jefawa cikin faranti lokacin da kaucewarsa ta yi yawa yana dab da ba da tafiya kyauta. Masu rahoto suna ba da maki daga 20 zuwa 80, 50 ne matsakaici, in na ga an ba saiti 40 ba na ƙarasa karanta sauran. Kuma saiti ba laya ba ce ta hana ciwo, Bieber kansa an yi masa tiyatar gwiwar hannu da ake kira Tommy John a 2024, wadda likita Frank Jobe ya fara yi a 1974, kuma jinyarta takan ci shekara guda zuwa shekara da rabi.

Bana ni ne na tara a layi. Akwai wani ɗan jami'a mai hannun hagu da na zauna na kalli wasanninsa uku cikakku a YouTube, ina lura da safar mai cafewa kawai, sau nawa ta motsa. Mutumin nan na bidiyon WhatsApp kuma ya riga ya turo min sabon bidiyo shekaranjiya, wannan karon daƙiƙa tara, lamba 101, ya rubuta a ƙasa "ɗan'uwa, wannan naka ne in kana so". Na tura masa hoton babban yatsa, ban buɗe ba.