Safar gwiwa: abin da ta yi mini da abin da ya fi ƙarfinta

Wata biyar ke nan ina saka safar gwiwa, irin ta roba mai rami daidai ƙoƙon gwiwa da maɗauri biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Babban ɗana ne ya sayo mini ita a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Tun da maƙwabta suka ga na ajiye sanda suke tambayata ko ita ce ta warkar da ni, shi ya sa na ga gara in faɗi yadda abin yake.

Bayan girbin shinkafa a fadamarmu ta wajen Auyo gwiwata ta dama ta kumbura, ba faɗuwa ba bugewa. Da asuba sai ta sandare kamar itace, zaman tahiya ya gagare ni, tsuguno kuwa ba a magana. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ƙoƙon gwiwar: in na danna shi sai ya nutse ya dawo, kamar ƙwarya a kan ruwa. Na sha haɗin kemis na mako guda, zafin ya lafa amma cikina ya ɗauki ƙuna. Wani aminina ya ce in kira wanzami a yi ƙaho. Na ƙi, kuma daga baya na gode wa Allah, domin ruwan yana can cikin gaɓar ne, ƙaho kuwa jinin fata yake ja, ga tsagar tana iya buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya.

Safar ta yi mini amfani, ba zan ci hakkinta ba. Da na ɗaura ta sai in ji ƙafar ta tsaya a ƙarƙashina, wannan rawar da gwiwa take yi in mutum zai sauko daga babur ko zai tsallake kunya ta ragu sosai. Ɗumin da take riƙewa ya taimake ni a sanyin hunturu. Amma mako uku ina sanye da ita kumburin yana nan daram.

Tana da nata aibun. Ta farko da aka kawo ta yi mini kaɗan, sai da aka auna kaurin cinyata da tef ɗin tela aka canjo. Duk mai saye ya auna kafin ya aika. Wani dare na kwana da ita, na farka ƙafar ta yi nauyi ta ɗauke ji, tun daga ranar ina cire ta kafin kwanciya. Da bazara ta shigo sai gumi ya sa take zamewa, ƙurajen zafi suka fito mini a bayan gwiwa. Yanzu ina wanke ta da hannu da ruwan sanyi, in shanya a inuwa. Maɗaurin sama ya fara sakin kamu tun a wata na huɗu.

Abin da ya sauke kumburin a Asibitin Ƙashi na Dala aka yi shi. An ɗauki hoton ƙashin, likita ya goge wajen da magani, ya zuƙo ruwan da sirinji. Ruwa ne fatsi-fatsi mai yauƙi, kuma kafin in sauko daga gadon na ji gwiwar ta lanƙwasu. Zafin allurar bai kai abin da nake zato ba. An kai ruwan ɗakin gwaji don a duba ko akwai ƙwayoyin cuta ko gishirin nan da yake taruwa a gaɓa ya jawo ciwon gawut. Ba a samu ko ɗaya ba. Guringuntsin gwiwar ne ya fara cinyewa, wato amosanin gaɓɓai na shekaru da aikin wahala.

Likitan ya ce mini, "Baba, kowace gwiwa tana da ɗan ruwanta da yake sa ta motsi kamar mai a inji. In ya yi yawa, alama ce ta wani abu, kuma yana iya dawowa." Ya ja kunnena cewa duk ranar da gwiwa ta yi ja, ta yi zafi a taɓawa, ga zazzaɓi, kada in kwana a gida. Ya kuma hana ni shan maganin kashe zafi diclofenac barkatai saboda gyambon ciki da ƙoda.

A sashen gashin ƙashi aka koya mini in kwanta rigingine, in miƙe ƙafar in ɗaga ta, in riƙe ɗan lokaci in sauke, sau goma safe da yamma, don naman cinya ya yi ƙarfi. In ta kumbura in naɗe ƙanƙara a tsumma in ɗora minti 15 zuwa 20. Ƙanƙara tana wuya a ƙauyenmu, sai ranar kasuwa nake samu wajen masu sayar da ruwan leda.

Sallah kuwa a kujera na yi ta kusan wata biyu, bayan limaminmu ya tuna mini hadisin Imrana ɗan Husaini: ka yi a tsaye, in ba ka iya ba a zaune. Yanzu sujada ta dawo, tahiya ce har yanzu nake miƙe ƙafar gefe. Safar ina saka ta ranar aikin gona da ranar tafiya mai nisa kaɗai, kuma in wannan ta mutu zan sake sayen wata, mai sakar da iska take ratsawa.