Landan zuwa Amsterdam ta jirgin ƙasa da jirgin ruwan dare: abin da hanyar Harwich ta ƙunsa

Jirgin sama daga Landan zuwa Amsterdam bai wuce awa ɗaya da 'yan mintuna a sama ba, jirgin ƙasa na Eurostar kuma wajen awa huɗu ne daga tashar St Pancras. Saboda haka duk wanda ya bi ta Harwich, tashar jiragen ruwa da ke gabashin Ingila, ba sauri ya kai shi ba. Abin da ake saya a wannan hanya gado ne: ka bar Landan bayan an tashi daga aiki, ka kwana a ɗaki mai makulli da banɗakinsa, ka shiga Amsterdam da hantsi, kuɗin otal na dare guda ya zauna a aljihunka. A kan wannan ne nake ganin jirgin dare ya biya kuɗinsa. Na rana kuwa, wanda ke tashi ƙarfe 9 na safe ya isa bayan 5 na yamma, cinye wuni kawai yake yi, sai dai ga mai sha'awar kallon teku.

Tikitin sunansa Rail & Sail, a shafin kamfanin Stena Line ake sayensa. Ya haɗa jirgin ƙasa na Greater Anglia daga tashar Liverpool Street da jirgin ruwa zuwa Hoek van Holland. Ɗakin kwana wajibi ne a tafiyar dare, kuma kuɗinsa daban ake ɗorawa. A nan lissafin yake juyawa, domin ɗaki ake biya ba kai ba. Mutum ɗaya zai iya samun jirgin sama mai araha da ya fi wannan sauƙi, musamman idan jakar goyo kaɗai gare shi. Amma miji da mata da yara biyu a ɗaki mai gado huɗu, ga manyan akwatuna da ba wanda zai ɗora a sikeli yana ƙirga kilo, to ba kasafai jirgin sama ke kayar da shi ba idan aka haɗa da kuɗin kaya da na zuwa filin jirgi da na otal.

Jirgin ƙasan da ke tafiya kai tsaye yana barin Liverpool Street wajen ƙarfe 7 na yamma, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi. Idan ya wuce ka, sai ka hau na Ipswich ko Norwich ka sauka a Manningtree ka canza. Wurin sauka Harwich International ne, ba Harwich Town ba. Ita Harwich Town tana can ƙarshen layi, bayan Dovercourt, wanda ya zarce sai ya dawo baya. Abin da ya fi ɓata wa mutane shiri shi ne gyaran layin dogo na ƙarshen mako, lokacin da ake maye gurbin jirgi da bas a wani yanki na hanyar. Bas ɗin yana ƙara lokaci, jirgin ruwa kuma ba ya jiran kowa: ƙarfe 11 na dare yake tashi, ana rufe karɓar fasinja minti 45 kafin nan. Mai tafiyar Asabar ko Lahadi ya duba jadawalin ranar tun da safe, ya kuma fita da wuri.

Tashar jirgin ƙasan da ta jirgin ruwa a manne suke, hawa sama kawai za ka yi daga dandamali. Ana duba fasfo da biza, a saka kaya a na'urar bincike, a ba ka katin shiga wanda shi ne kuma makullin ɗakinka. Babu dokar nan ta filayen jirgin sama da ke taƙaita kayan ruwa-ruwa zuwa mililita 100, don haka man shafawa da turare da ruwan sha duk suna wucewa.

Maganar takardu ce ya kamata a fi tsayawa a kai, don a nan ake komawa gida da akwati. Bizar Birtaniya ba ta shigar da mutum Holan. Mai fasfon Najeriya ko Nijar ko Ghana, ko ɗalibi ne ko ma'aikaci a Ingila, sai ya sami bizar Schengen (bizar haɗin gwiwa ta yawancin ƙasashen Turai), wadda kuɗinta ya koma Yuro 90 tun watan Yunin 2024, tare da inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000. Ana nemanta ne daga ƙasar da za a fi daɗewa a ciki. Wanda zai kwana ɗaya a Amsterdam ya wuce Jamus mako guda, wurin Jamusawa zai nema, ko da ta Holan zai shiga. A Eurostar ana gama binciken shiga Turai tun a Landan, amma a nan sai an sauka Hoek van Holland jami'an kan iyakar Holan ke duba mutum. Daga 12 ga Oktoban 2025 aka fara sabon tsarin ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu, wanda ke sa layin masu fasfon waje ya daɗe, saboda haka kada a sa wata ganawa da sassafe a ranar isa. A dawowa kuma, tunda katin zama na BRP ya ƙare a ƙarshen 2024 an koma bizar intanet, wanda ya sabunta fasfo bai shigar da sabuwar lambar a asusunsa na hukumar shige da ficen Birtaniya ba zai sha tsayuwa a wurin karɓar fasinja.

Jiragen biyu ne ke musayar hanya, Stena Britannica da Stena Hollandica, ƙirar 2010, kowanne tsawon mita 240 da ɗakuna sama da 500. Suna kuma ɗaukar manyan motocin dakon kaya da yawa, shi ya sa za ka ga direbobi da ɓangarensu na cin abinci. Gidajen abinci da shago da wurin zama suna hawa na 9, ɗakunan kwana a na 10 da 11. Ɗakin ƙarami ne amma ba a rage komai ba: gado da zanensa, tawul, shawa mai ruwan zafi, ɗan tebur, da talabijin da ke da tasha guda mai nuna abin da ke gaban jirgin. Akwai fili tsakanin gado da ƙofa da ya isa a shimfiɗa dadduma, wanda ni a wurina shi ne babban abin da ya raba wannan tafiya da zaman kujerar filin jirgi. Buta dai babu, a taho da gorar roba. Masan irin mai zuƙa da iska ne, bututunsa siriri, idan aka jefa wani abu ban da takardar da suka ajiye yana toshewa, wani lokaci har ya shafi maƙwabta.

Alƙibla daga wannan yanki kudu maso gabas take. Jirgin gabas ya dosa, don haka a tafiya tana gaba ta hannun dama, a dawowa kuma baya ta hannun hagu. Kamfas ɗin waya ba abin dogaro ba ne a ciki, ƙarfen jirgin na rikita shi. Ɗakin ciki ba shi da taga, duhu ne ƙirin ko rana ta fito, ga shi Holan tana gaban Ingila da awa ɗaya, waya kuma takan sauya lokaci da kanta a tsakiyar dare ko ta ƙi sauyawa. A bazara asuba na yi tun wajen ƙarfe uku. Mafita ita ce a kashe sauya lokaci na kai tsaye, a saita agogon Holan da hannu kafin a kwanta. A kuma sa wayar a yanayin jirgin sama da zarar an bar gaɓa, domin idan layin ƙasa ya ɗauke tana kama na tauraron ɗan adam da ke cikin jirgin, wanda ba ya cikin kowane tsarin kira na wata-wata, kuɗinsa kuma ba kaɗan ba.

Abinci shi ne inda ban ba su cikakken maki ba. Akwai kifi da soyayyen dankali, akwai na ganye, amma karin kumallon irin na Ingila ne, naman alade a tsakiyarsa, sai mutum ya tsaya ga ƙwai da wake da burodi da shayi. Gara a ci abincin dare a Landan ko a taho da shi. Sai dai abin da aka taho da shi na nama ko madara a cinye shi a jirgi: tun 1 ga Janairun 2021 an hana shiga Tarayyar Turai da su daga Birtaniya, kuma a wannan tashar ta Hoek van Holland ce kwastan suka ƙwace burodi mai nama daga hannun direbobi a makonnin farko na dokar, har aka nuna a talabijin. Kilishi da dambun nama da ake kai wa 'yan'uwa tsaraba duk suna ciki. A Afrilun 2025 Birtaniya ma ta kafa irin wannan hani kan nama da cuku daga Turai saboda cutar ɓauru ta shanu, don haka a bincika kafin a sayo cukun Holan.

Teku kuwa, faɗinsa a nan kusan kilomita 200 ne. Girman jirgin ya sa yawancin darare ba a jin komai sai ɗan kaɗawar inji. Daga Oktoba zuwa Maris iska takan taso a Tekun Arewa, jirgin ya riƙa tangaɗi. Mai saurin jiri ya nemi ɗaki a tsakiyar jirgi, ba gaba ba, ya sha maganin tashin zuciya kafin a tashi, don bayan amai ya fara ba ya zama a ciki. Wanda bai yi barci da wuri ba ya fita waje lokacin tashi: jirgin yana ratsa gaban Felixstowe, tashar kwantena mafi girma a Birtaniya, fitilu da injinan ɗaga kaya suna aiki tsakar dare.

Ana tada fasinja da lasifika fiye da awa ɗaya kafin sauka, ba kuma a iya kashe ta, wanda ke nufin barcin bai kai yadda jadawali ke nunawa ba. Da awar da aka yi asara, shida ne idan an yi sa'a. Ƙarfe 8 agogon Holan ake sauka. Tashar metro (jirgin ƙasan cikin gari) ta Hoek van Holland Haven tana bakin ƙofa. Layin jirgin ƙasa ne a da, a 2019 aka mai da shi Layin B na metron Rotterdam. Kusan rabin awa ne zuwa Schiedam Centrum, inda ake hawa jirgin ƙasa na NS, kamfanin jiragen ƙasa na Holan, da ke bi ta Delft da Hague da Leiden zuwa Amsterdam Centraal, awa ɗaya da ɗan kai. Ana biya da taɓa katin banki a na'ura wajen shiga da wajen fita. Kamfanoni biyu ne, don haka a Schiedam sai ka taɓa na metro ka fita, sannan ka taɓa na NS ka shiga. Wanda ya manta fita za a cire masa kuɗi fiye da na tafiyarsa. Kowane mutum da katinsa, kuma idan da waya ka taɓa wajen shiga, da ita za ka taɓa wajen fita, ko da asusun ɗaya ne da katin roba.

A dawowa jirgin yana barin Hoek van Holland ƙarfe 10 na dare ya isa Harwich 6:30 na safe, an ci ribar awa ɗaya ta barci, kuma ana shiga Liverpool Street wajen ƙarfe 9. A bar Amsterdam kafin ƙarfe 7 na yamma, domin tikitin jirgin ruwa ba ya ɗaukar alhakin jinkirin jirgin ƙasa na ɓangaren Holan.