Tacfad ɗin laftop ɗina da ke mutuwa bayan barci: sharhina kan gyaran da aka min

Sati 5 kenan da gyaran, shi ya sa nace bari yanzu in yi magana, don ban so in yabi abu tun ranar farko daga baya ya dawo. Laftop ɗin na hannu na saya, mai Intel, mai shagon ya sa min Windows 10 daga filashi ya miƙo min. Komai lafiya sai abu ɗaya, duk sanda na rufe murfin ta shiga barci, in na buɗe sai kibiyar ta tsaya cak a tsakiyar sikirin, ka shafa tacfad ɗin (ɗan filin nan na gaban kibod da ake shafawa da yatsa maimakon maus) ka shafa ba ta motsi, alhali kibod na aiki, in ka sa maus na waya shi ma yana aiki. Ni kuma firojet nake rubutawa, ga yanayin wutarmu, da an ɗauke nake rufe ta don in tattala batir, a rana sai in rufe sau 6 ko fi. Wlh abin ya ci min rai sosai, akwai ranar da na buɗe a gaban sufabaizo zan nuna masa babi na uku ta ƙi.

Wurin farko da na kai, ko kunna ta bai yi da kyau ba yace tacfad ɗin ya ƙone sai an canza, in ba haka ba a yi fomat. Nace to abin da ya ƙone ya za a yi ya dinga tashi in na yi ristat? Bai ba ni amsa ba. Na ɗauki kayata.

Wani ɗan ajinmu ne ya tura ni wajen wani mai gyara a Beirut Road nan Kano, shago ne ɗan ƙarami. Abin da ya fara burge ni tambaya ya yi kafin ya taɓa sukundireba. Yace "Malam, in ka kashe ta gaba ɗaya ka kunna tana tashi?" Nace wani lokaci tana tashi wani lokaci a'a, amma ristat kullum yana tada ta. Yace to an gama, ba wayar da ke haɗa tacfad ɗin ba ce, direba ne, wato 'yar manhajar da ke sa Windows ya iya aiki da na'urar. Duk da haka sai da ya juya ta ya duba ko batir ya kumbura, don yace batir in ya kumbura yana danne tacfad daga ƙasa, kuma ya gwada makullin Fn ɗin da ke kashe tacfad ko na danna ban sani ba.

Sai ya rufe murfin a gabana, muka jira kamar minti 2, ya buɗe, ta mutu kamar yadda ta saba. Da kibod kawai ya danna makullin Windows da X sannan M, Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin cikin kwamfuta, ya buɗe, ya sauka ƙarƙashin Human Interface Devices, ga wani abu mai suna I2C HID Device da alamar motsin rai mai ruwan ɗorawa, an rubuta Code 10. Ni da ƙarƙashin Mice nake ta dubawa tsawon sati biyu, ashe ba nan matsalar take ba. Ya min bayani cewa tacfad na laftop na yanzu yawanci ta wata hanya da ake ce wa I2C yake magana da uwar allo, wato babban allon da kayan cikin kwamfuta ke haɗe a kai, kuma akwai direba na daban mai kula da hanyar, a injin Intel sunansa Serial IO. In kwamfuta ta yi barci ana yanke wa tacfad wuta, in ta farka wannan direban ne zai sake gaisawa da shi, to wanda ya sa min Windows bai saka na ainihin samfurin laftop ɗina ba, shi ya sa gaisuwar ba ta kammaluwa.

Abin da ya yi bai da yawa gsky. Ya duba lambar samfurin a ƙasan laftop ɗin, ya shiga shafin kamfanin da ya ƙera ta, ya sauke direban chipset da na Serial IO, ya saka su tukuna, ya yi ristat, sannan ya saka na tacfad. Yace jerin yana da muhimmanci, in ka fara da na tacfad kamar ka ɗora jinka ne ba ginshiƙi. Bayan nan ya shiga Power Management na na'urar ya cire alamar da ke ba kwamfuta damar kashe ta don tattalin wuta. Ya ce min a wasu sabbin laftop wannan shafin ba ya fitowa sam, kar in je taimakon wani in ga babu in rikice.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Fast Startup. Tun Windows 8 da ya fito 2012 ake da shi, in ka danna kashewa ba mutuwa take yi gaba ɗaya ba, tana adana yanayin direbobi a faifai don ta tashi da sauri, to in direban ya riga ya rikice sai ta tashi da rikicinsa. Ristat ne yake loda komai sabo. Nan na gane dalilin da kashewa ba ya min aiki kullum. Ya kashe shi ta Power Options, yanzu tana ɗan ƙara daƙiƙu kafin ta tashi amma ni ban damu ba.

Inda zan rage masa maki, na yi zaman kusan awa 2 saboda mutane, wurin zama benci ɗaya ne, kuma da datata aka sauke direbobin, da ya faɗa min tun farko da na shirya. Sannan a sati na uku ta taɓa maimaitawa sau ɗaya, na yi yadda ya koya min, Disable sannan Enable a kan I2C HID ɗin, nan take ta dawo ba ristat, tun daga ranar kuma shiru. Ya kuma tuna min Windows 10 an daina ba shi sabuntawa na kyauta tun 14 ga Oktoba 2025, in duba ko injina zai ɗauki 11, kuma in na canza in sake saka waɗannan direbobin a jere.

Kuɗin da ya karɓa bai kai rabin abin da na farko ya nema ba, bai kwance ko sukuru ɗaya ba, fayilolina duk suna nan. Tauraro 4 cikin 5 na ba shi, kuma laftop ɗin ƙanwata mai matsalar sauti ma wajensa zan kai ranar Asabar in Allah ya kai mu.